Yadda Mai Aikin Famfo Zai Tsare Huhunsa Daga Ƙurar Asbesto, Da Yadda Ake Neman Diyya Idan Ciwo Ya Bayyana

Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, amma idan an farfasa shi sai ya warware zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, tsatsa ba ta kama shi, ga kuma araha. Shi ya sa aka daɗe ana cakuɗa shi da siminti ana yin kwanon rufi, silin, bututun ruwa da tankuna. A Najeriya an yi masana'antun irin waɗannan kaya a Legas, Enugu, Sapele, Kano da Bauchi, kuma abin da suka fitar yana nan a gidajen gwamnati, barikoki, makarantu, asibitoci da tsofaffin layukan ruwan famfo. Iri uku aka fi amfani da su: fari, ruwan ƙasa da shuɗi. Shuɗin da ruwan ƙasan sun fi mugunta, amma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa dukkansu a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki.

Muddin yana zaune a cikin siminti ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Masifar tana farawa ne lokacin da aka yanka, aka huda, aka goge ko aka fasa. Zaren da ke tashi ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa tari nan take, kuma yana iya yin sa'o'i yana yawo a iskar ɗaki. Wanda ya shige can cikin huhu jiki ba ya iya narkar da shi. Ciwon kuwa sai bayan shekara 10 zuwa 50 yake fitowa. Yaron da ya fara koyon aiki yana ɗan shekara 17 yana iya ganin sakamakon yana da 55, lokacin da shagon ya watse, maigidan ya rasu, babu kuma wanda ya tuna ginin da aka yi aikin.

Inda yake ɓuya a aikin famfo

Mai aikin famfo yana cikin waɗanda suka fi haɗuwa da shi, domin aikinsa na bi ta cikin bango, silin da ƙarƙashin ƙasa ne. Abin da za ka fi cin karo da shi shi ne bututun siminti mai asbesto: toka-toka, mara tsatsa, yana da kauri, ana haɗa shi da zobe mai roba a ciki. Za ka same shi a manyan layukan hukumar ruwa, a bututun masai da ke saukowa ta bayan bene, a bututun da ke fitar da warin sokawe, da indararon ruwan sama. Asbeston da ke cikin irin wannan siminti yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Sai silin, wanda ake hudawa don a wuce da bututu ko a hau a duba tanki, da tsofaffin tankunan ruwa na siminti, da baƙin tankin masai mai kama da roba mai tauri, da tayil ɗin roba na ƙasa haɗe da baƙin gam ɗin da aka manna shi da shi.

Akwai kashi na biyu da ya fi wannan haɗari sosai, wato abin da aka naɗe bututun ruwan zafi da tukunyar tururi da shi a asibitoci, otal-otal, masaƙu da sauran masana'antu. Yakan zo kamar farin filasta, ko kwali mai laushi, ko bargo, ko igiya da aka cusa a bakin ƙofar tukunya. Wannan yana marmashewa da yatsa, kuma asbeston da ke cikinsa yana iya wuce rabi. Haka gasket ɗin da ke tsakanin bakin manyan bututu biyu, da zaren da ake cusawa a wuyan bawul don hana yoyo.

Ido ba ya rarrabewa. Sabon silin da ake yi da zaren takarda da na roba kamanninsa ɗaya da tsohon. Gwaji a ɗakin bincike da madubin likita ne kaɗai ke tabbatarwa. A Birtaniya ƙa'idar da ma'aikata ke bi ita ce duk ginin da aka yi kafin shekarar 2000 a ɗauka akwai asbesto a ciki, tunda sun hana shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, fari kuma a 1999. A wajenmu kada ka dogara da wata shekara. Duk tsohon silin, kwano ko bututu na siminti da ba a gwada ba, ka ɗauke shi a matsayin mai asbesto.

Kafin ka ɗauki zarto

Ka fara tambayar mai gida ko injiniyan wurin yaushe aka yi ginin, kuma ko an taɓa canza silin ko bututu. Sannan ka zagaya da tocila ka duba hanyar da aikinka zai bi. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko akwai yadda za a yi aikin ba tare da an taɓa abin ba. Sau da yawa akwai. Ana iya bi da sabon bututun roba ta waje, ko ta ramin da yake akwai tuntuni, ko a bar tsohon layin a ƙasa a toshe bakinsa a ja sabo a gefensa. Tankin siminti da aka daina amfani da shi, idan ba ya tare hanya, a tsiyaye shi a bar shi a wurinsa. Fasa shi da guduma a cikin rufi don a sauko da shi gunduwa-gunduwa yana daga cikin munanan abubuwan da ake yi.

Idan abin da ka gani mai laushi ne, irin naɗin bututun zafi ko farin gari da ya zube a ɗakin tukunyar tururi, ka tsaya. Wannan ya fi ƙarfin mai aikin famfo da takunkuminsa. A Birtaniya kamfani mai lasisi na musamman ne kaɗai ke cire shi, a cikin ɗaki na leda da injin zuƙe iska. Ka rufe ƙofa, ka sanar da mai wurin a rubuce, kada ka karɓi aikin komai tsokar kuɗin. Abin da ya biyo baya duk a kan mai tauri ne, wanda ke ɗaure cikin siminti, kuma ƙaramin aiki.

Kayan da za ka tanada: takunkumi mai lamba FFP3 ko P100, ko na roba mai rufe hanci da baki da matatar P3, rigar leda mai hula wadda ake yarwa bayan aiki, a sayi wadda ta ɗara ka girma don kada ta yage a hammata, takalmin roba mara igiya, domin igiya na riƙe ƙura, leda mai kauri ta shimfiɗa, salatif mai faɗi, gorar feshi irin ta lambu, tsummoki, bokiti, da buhunan leda masu kauri. Ruwan feshin a sa masa sabulun wanke-wanke na ruwa, kashi ɗaya cikin ruwa kashi takwas. Sabulun ne ke sa ruwan ya ratsa zaren maimakon ya gangare a kansa.

Maganar takunkumi tana buƙatar tsayawa. Shuɗin nan na asibiti, hankici, ko naɗa rawani a hanci, duk ba sa tare wannan zare. Na gasken ma ba ya aiki idan bai manne da fata ba. Ka sa shi, ka matse ƙarfen hanci, ka rufe shi da tafin hannu biyu ka hura: idan ka ji iska na fita ta gefen ido ko kumatu, bai zauna ba. Gemu da saje suna hana shi mannewa, ko da tsiron kwana biyu ne. Mai gemu abin da ya dace da shi shi ne hular da ke rufe kai gaba ɗaya mai ɗan injin turo iska ta matata. Idan babu ita, a bai wa wani wannan ɓangaren aikin.

Yanka, hudawa da cirewa

Ka fitar da kowa daga wurin, musamman yara. Ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka kashe wutar sashen tunda za ka yi feshi kusa da waya. Ka kwashe abin da zai kwasu, kafet, labule, katifa, kwanukan abinci, sauran ka lulluɓe da leda. Ka shimfiɗa leda a ƙasa ta wuce wurin aikin da kamar mita biyu ta kowane gefe, ka manne bakinta. Igiyar takunkumi ta shiga ƙarƙashin hular riga, ƙafar wando kuma ta sauko a kan takalmi.

Babbar doka ɗaya ce: kada injin mai gudu ya taɓa asbesto. Giranda ita ce ta fi kowane kayan aiki illa a nan. Yankan bututu guda da ita a bushe, a cikin rami, yana tayar da ƙurar da ta ninka iyakar da doka ta yarda da ita a ƙasashen Turai sau da yawa, kuma fuskar mai yankan tana daidai inda ƙurar ke fita. Ana son ta ne don sauri, shi ya sa take da wuyar rabuwa da hannun ma'aikata. Haka injin huda mai bugu, burushin waya, sandfefa da iskar kwamfuresa.

Bututun da ke cikin ƙasa, ka tone kewayensa da shebur a hankali har ka samu sarari ta ƙarƙashinsa, ka zura leda. Idan haɗin yana kusa, ka fi samun sauƙi ka zare tsawon guda daga haɗi zuwa haɗi ba tare da yanka ba. Zoben haɗin, idan ya ƙi fita, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma a tsaga shi da kurfi da guduma a ƙarƙashin tsumman. Idan yanka ya zama dole, abin da ya fi shi ne sarƙar nan mai ƙananan faya-fayai da ake zagaya bututu da ita a matse har ya ɓalle lokaci guda. In babu, zarton hannu mai manyan haƙora, a hankali, mutum ɗaya na yanka ɗaya na fesa ruwa a bakin yankan ba tsayawa. Feshin ya zama mai laushi kamar raɓa, domin ruwa mai ƙarfi shi ma yana watsa zaren. Taɓon da ya taru a kan ledar shara ce mai haɗari. Idan aka bar shi ya bushe a gefen titi, iskar hunturu za ta mayar da shi ƙura. Kada a gyara bakin bututun da magagari a bushe. A haɗa shi da sabon bututu da maɗaurin ƙarfe mai roba wanda ke karɓar baki mara santsi.

Huda silin ko bango: ka manna salatif a wurin, ta baya ma idan hannu zai kai. Ka tara kumfar aski ko man giris a kan alamar, ka huda ta cikinsa da abin huda na hannu, ko na batir a mafi ƙarancin gudu ba tare da bugu ba. Kumfar ce ke kama garin. Ka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ka jefa a buhu, ka shafe bakin ramin da fenti ko gam. Idan falle guda za a cire, a jiƙa kewayen kusoshin, a zare su, mutum biyu su sauko da shi lafiyayye. Kuma kada ka taka tsohon kwanon asbesto ko silin kai tsaye. Yana karyewa ba gargaɗi, faɗowa daga rufi kuwa ta kashe ma'aikata da yawa tun kafin a zo maganar ƙura.

Gasket, bayan an kwance notuna, a jiƙa shi sosai a ɓamɓare da wuƙar fenti. Ragowar da ta manne a ci gaba da jiƙawa ana kankarewa da hannu.

Bayan an gama

Tsintsiya haramun ce a wannan wuri, haka injin zuƙe ƙura na gida, wanda zaren ke ratsa matatarsa ya fito ta baya ya cika ɗakin. Injin da ya dace shi ne mai daraja H, wato wanda aka ƙera don ƙura mai haɗari. In babu, jiƙaƙƙen tsumma: shafa ɗaya, a ninke, a shafa da gefen da bai ɓaci ba, a jefa a buhu. Kada a mayar da shi cikin bokiti, domin ruwan zai gurɓace. A goge kayan aiki da takalmi haka nan, a naɗe ledar ƙasa daga gefe zuwa tsakiya.

Wurin tuɓewa ne mutane da yawa ke ɓata duk ƙoƙarin da suka yi. Ka daddanna rigar da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka goga. Ka tuɓe ta kana juya cikinta waje, ka sa a buhu. Takunkumi shi ne na ƙarshe, bayan ka bar wurin. Sannan wanka, ko aƙalla wanke hannu, fuska da kai, kafin cin abinci, shan ruwa ko alwala. Kada ka je gida da kayan da suka sha wannan ƙura. An samu mata da yawa a ƙasashe daban-daban da suka kamu da kansar asbesto ba su taɓa shiga ma'aikata ba, sai dai suna kakkaɓe kayan mazajensu kafin wanki.

Sharar a sa ta a buhu biyu, ɗaya cikin ɗaya, kada a cika ya wuce rabi, a murɗe baki a naɗe da salatif, a rubuta abin da ke ciki. Manyan falle a naɗe su da leda ninki biyu ba tare da an karya ba. A tuntuɓi hukumar muhalli ta jiha ko NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kan inda za a binne. Kada a farfasa a cike ramin titi da shi, kada a ba wa maƙwabci ya rufe akurkin kaji, kada a jefa a wuta: ba ya ƙonewa, tarwatsewa yake yi.

Idan kuwa aikin gama ya gama, ka yanka sannan ka gane, ka ajiye injin, ka fitar da mutane, ka rufe wurin, ka jiƙa tarkacen, ka tuɓe kayanka a nan. Shan madara ba ya wanke huhu. Madara ciki take tafiya, zaren kuwa yana hanyar numfashi. Shaƙa ta rana ɗaya ba kasafai take zama ciwo ba, haɗarin yana taruwa ne da yawan ƙura da yawan shekaru, sai dai babu wani adadi da aka tabbatar ba shi da illa. Masu tambaya kan ruwan da ya bi ta irin wannan bututu: Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta samu tabbatacciyar shaida cewa shansa na cutarwa ba.

Littafin aiki

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk aikin da ka haɗu da asbesto ka rubuta kwanan wata, sunan ginin da unguwa, wanda ya ɗauke ka, abin da aka yanka ko aka fasa, da wane kayan aiki, awa nawa, ko an ba ka takunkumi, da sunayen waɗanda kuka yi aikin tare. Ka ɗauki hoto da waya ka tura wani wurin da ba zai ɓace ba idan wayar ta lalace. Ka koma baya ka rubuta abin da ka tuna tun daga shagon da ka koyi aiki. Takardar ɗaukar aiki, katin shaida na kamfani, takardar albashi, saƙon banki, takardar yaye, duk a adana. Rashin irin wannan shaida na iya kayar da neman diyyar asbesto: likita ya tabbatar da ciwo, amma an rasa abin da zai nuna a ina, a ƙarƙashin wa.

Alamomi da asibiti

Ciwukan huɗu ne a taƙaice. Akwai asbestosis, tabo da ke sa huhu ya yi tauri, mutum ya riƙa haki yana busasshen tari. Akwai kaurin fatar da ta lulluɓe huhu. Akwai kansar huhu, wadda haɗarinta ke ninkuwa sosai ga wanda ya haɗa asbesto da taba. Duk wanda ya yi wannan aiki, barin sigari shi ne abu mafi amfani da ya rage a hannunsa. Sai mesoteliyoma, kansar fatar huhu ko ta ciki, wadda kusan duk inda aka gan ta asbesto ne sanadi. Wani likita a Afirka ta Kudu, J. C. Wagner, shi da abokan aikinsa ne suka nuna alaƙar a 1960. Takan fito bayan shekara 30 zuwa 40, kuma yawancin masu ita ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu bayan an gano. Asbesto na jawo kansar maƙogwaro da ta ƙwan mace ma.

Haki da ke ƙaruwa, tarin da ya wuce mako uku, ciwo a gefe ɗaya na ƙirji, rama, ko ruwa a ƙirji, duk dalilin zuwa asibiti ne. A ƙasarmu abin da za a fara zato shi ne tarin fuka, kuma daidai ne a gwada. Amma idan gwajin majina bai nuna komai ba, ko an sha magani wata biyu babu sauƙi, ka faɗa wa likita da bakinka: na yi shekara kaza ina yanka bututu da silin na asbesto. Ka roƙi a rubuta wannan a fayil ɗinka, a tura ka wurin likitan ƙirji a asibitin koyarwa. Hoton ƙirji na yau da kullum yana iya kuskure. Ana buƙatar hoton CT, gwajin ƙarfin numfashi, kuma idan ana zargin kansa, a ɗebi tsoka a gwada. Ruwan da aka zuƙo kaɗai sau da yawa ba ya wadatarwa.

Neman diyya a Najeriya

Dokar da ke aiki ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanar da asusunta. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa, kuma doka ta hana shi cire kuɗin daga albashinsu. Ma'aikaci a wannan doka ya haɗa da na wucin gadi, na ɗan lokaci da mai koyon sana'a, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Asbestosis da kansar da asbesto ya jawo suna cikin jerin cututtukan aiki da ke jadawalin farko. Ba sai ka nuna cewa maigidanka ya yi sakaci ba; abin nunawa shi ne ciwon daga aikin ya samo asali.

Wa'adi ne ke kayar da mutane. Ka sanar da mai ɗaukar aikinka cikin kwana 14 daga lokacin da ka samu labarin ciwon, a rubuce, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Shi kuma yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Kada ka zauna jiransa: ka je ofishin NSITF na jiharka ka cike takardar nema cikin shekara ɗaya. Ana iya karɓa har zuwa shekara uku, amma sai da uzuri na musamman da hukumar ta gamsu da shi. Ka haɗa da rahoton likita mai faɗin sunan ciwon da alaƙarsa da asbesto, sakamakon gwaje-gwaje, shaidar aiki da albashi, tarihin aikinka, da rubutacciyar shaidar abokan aiki biyu ko uku. Kwafi za ka bayar, na asali su zauna a hannunka.

Wanda ciwo ya hana shi aiki gaba ɗaya, doka ta tanadar masa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata, ban da kuɗin magani. Idan ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90 ne. Da ɗa guda, kashi 85. In an ƙi biya, a ɗaukaka ƙara ga hukumar cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Abuja, Kano, Kaduna da wasu jihohin. Inda laifin na wani ne daban, kamar wanda ya ƙera kayan ko mai ginin da ya san da haɗarin ya ɓoye, ana zaɓa tsakanin karɓar diyyar asusu da shigar da ƙara, kuma zaɓin yana da wa'adin wata shida. Wannan shawara ce da ba a yankewa sai da lauya.

Mai zaman kansa, wanda ake kira gida-gida, shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya, tunda babu wanda ya zuba masa komai. Abin da lauya zai duba shi ne shekarun koyon aiki da lokutan da ya yi a ƙarƙashin ɗan kwangila ko hukumar ruwa, domin a nan ya kasance ma'aikacin wani. Wanda yake da shago da yara a yau kuwa, shi ne mai ɗaukar aiki a idon doka: rajista da NSITF da sayen takunkumi suna wuyansa.

Wanda ya yi aiki a ƙasar waje

Ana neman diyya ne a ƙasar da aka shaƙi ƙurar. A Ingila wa'adin ƙara shekara uku ne daga ranar da mutum ya san ciwonsa na da alaƙa da aiki. Rushewar kamfani ba ta kashe magana, domin inshora ta zama dole a kan masu ɗaukar aiki tun 1972, kuma akwai ofishin ELTO da ke binciko kamfanin inshorar. Hukumar haraji kuma na bayar da jerin wuraren da mutum ya yi aiki. Dokar 2006 ta ce mai mesoteliyoma na iya karɓar cikakkiyar diyya daga kamfani ɗaya ko da a wurare da yawa ya shaƙa. Idan an rasa kamfani da inshorarsa, akwai asusun da aka kafa a 2014 ga waɗanda aka gano ciwonsu daga 25 ga Yuli 2012. Wani tsarin na 2008 yana biyan masu zaman kansu da iyalin da suka kamu ta hanyar wanki, amma cikin wata 12 ake nema. A Faransa, wadda ta hana asbesto daga farkon 1997, asusun FIVA ne ke biya, da wa'adin shekara goma. A Amurka kamfanoni da dama da ƙararraki suka durƙusar, tun daga Johns-Manville a 1982, sun bar asusun amana da ake nema daga gare su, wa'adi kuma kowace jiha da nata.

Ko a ina ne, kada a sa hannu a takardar sulhu da ke cewa an yafe duk wani haƙƙi na gaba kafin lauya ya karanta, musamman idan ciwon da ake da shi yanzu mai sauƙi ne, domin kansa na iya biyo baya. A kuma yi yarjejeniyar kason lauya a rubuce tun farko.

Abu na ƙarshe yana da nauyin faɗa. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, kuma iyali ba sa son a taɓa gawa. Saboda haka hujjar da magada za su dogara da ita dole a same ta tun mara lafiya yana raye: sakamakon gwajin tsoka, rahoton likitan ƙirji, da bayanin tarihin aikinsa daga bakinsa, a rubuce, ya sa hannu a gaban lauya ko kwamishinan rantsuwa. Idan Allah ya yi masa rasuwa, iyali su tabbatar an rubuta ainihin sunan ciwon a takardar shaidar mutuwa, su sanar da wurin aikinsa nan da nan, su kuma shigar da takardarsu kafin shekara ta zagayo.